Ra'ayinmu: Gara Sanda da Karan Ɗori

A Andarai, kamar sauran garuruwan ƙasar Maiyama, akwai wata gardama da ake yi a cikin gida, ba ta cika fitowa zaure ba. Dattijo ne mai shekara saba'in da 'yan kai, ya tsuguna ya gama alwalar asuba, zai miƙe sai ƙasa ta juya masa. Ya kai hannu ya dafa bango, ya tsaya har jirin ya sake shi, sannan ya ɗauki tocila ya nufi masallaci yana bin gindin katanga. Babban ɗansa yana kallo. Da hantsi ya zo gaisuwa, ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Baba, da an samo maka 'yar sanda." Amsar kuwa kowa ya san ta: "Wa yac ce maka na tsuhwa? Ni da nika zuwa gona da ƙahwata?" Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baba." Maganar ta mutu. Sau da yawa ba a sake tayar da ita sai ranar da aka kinkimi tsohon aka sa a mota, aka kama hanyar Aliero.

Aliero an san ta da albasa da ɗori tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2006. Daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo su, kuma duk wanda ya taɓa rakiyar majinyaci can ya san ba 'yan kabu-kabu da yaran da suka faɗo daga mangwaro kaɗai ake kaiwa ba. Akwai tsofaffin da babu motar da ta buge su. Santsin makewayi ne ya kwashe su, ko dokin ƙofa, ko igiyar akuya a tsakar gida. Shi ya sa muka ga ya dace a fito da tambayar nan fili: yaushe ya kamata wanda ƙafarsa ta fara yaudararsa ya ɗauki abin dogarawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a cikin mamatan. In ana lissafin mutuwar tsautsayi, hatsarin kan hanya ne kawai ya fi ta kisa. Wani rahoton hukumar na 2007 ya nuna cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wato in dattawa goma suka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya bayan la'asar, wajen uku cikinsu za su sha ƙasa kafin shekara ta zagayo.

To amma masu ƙin sandar ba wawaye ba ne, kuma rashin adalci ne a kira abin taurin kai a wuce. Sanda fuska biyu gare ta a ƙasar Hausa. Akwai sandar girma da ake miƙa wa sarki ranar naɗi, akwai wadda liman ke dogarawa a kan mumbari ranar Juma'a, ga ta Bafulatani da ya saɓa a kafaɗa ya rataye hannuwa, ga kwagirin alhaji na ranar salla. Duk waɗannan mai su ne ke ɗauke da su. Ita kuwa sandar da ke ɗauke da mai ita, hoton da ke zuwa wa mutum shi ne na makaho da ɗan jagora a tashar Jega, ko gurgu a bakin kasuwa, wato hoton bara. Magidancin da ya ciyar da gida shekara hamsin ba ya son a gan shi a wannan sahun. Yana kuma da wani tsoron da ba zai furta ba, wanda mu muke ganin yana da tushe. Ya ga yadda aka yi wa tsaransa. Daga ranar da aka ga sanda a hannun mutum, sai 'ya'ya su fara yanke maganar gona ba tare da shi ba, a daina kawo masa ƙarar cikin gida, a tashi daga "me Baba ya ce?" a koma "kada a gaya wa Baba." In tsoho ya ce bai tsufa ba, galibi wannan kujerar yake karewa.

Akwai kuma hujja ta ɓangaren lafiya, ita ce ma ta fi nauyi. Da yawa iyali in sun damƙa wa tsoho sanda sai su ɗauka sun sauke nauyi, a ce ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. Alhali jiri da tangaɗi suna da dalilai, wasunsu ma masu sauƙin gyara. Maganin hawan jini kan yi wa mutum ƙarfi, musamman da bazara ko lokacin azumi da ruwan jiki ke ƙaranci, sai jini ya faɗi da zarar ya miƙe tsaye, ido ya rufe. Sauya adadin ƙwayar kaɗai na iya kawar da wannan. Ciwon suga kan cinye jijiyoyin tafin ƙafa sannu a hankali, har mutum ya riƙa jin kamar a kan auduga yake tafiya, takalmi ya fita bai sani ba. Yanar ido kan ɓoye masa rami da tudu, aikin cire ta kuwa ba ya kai awa ɗaya. Akwai jirin da ke tasowa daga cikin kunne, wanda kan kama mutum in ya juya a kan gado, ƙwararre na iya gyara shi cikin 'yan mintuna ta hanyar jujjuya kan majinyaci. Ga ƙarancin jini, ga ƙwayoyin barci da na mura da ake saye a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Sandar da ta lulluɓe ɗaya daga cikin waɗannan ta cuci mai ita.

Ita kanta sandar tana kayar da mutum in ba a dace da ita ba. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, wani bincike na shekarun 2001 zuwa 2006 ya gano tsofaffi kimanin 47,000 ne ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda faɗuwar da ta haɗa da abin dogarawa, mafi yawa da irin ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake riƙewa da hannu biyu. A nan gida misalan a gabanmu suke. Gora ce doguwa mai sulɓin gindi a kan jiƙaƙƙen siminti. Karan dawa ne da tsohuwa ta zara daga danga, ta jingina a kansa ya karye. Ko kuma ƙarfen dogarawa mai ƙananan tayoyi da wani ɗa ya aiko daga Abuja da kyakkyawar niyya, an ƙera shi don daɓen asibiti, ya shiga yashin tsakar gida ya kafe. Sannan hannu biyu ne da mutum: ɗaya buta, ɗaya tocila, sandar a riƙe ta da wanne?

Duk mun yarda da waɗannan. Sai dai in aka ɗora su a sikeli, akwai abu ɗaya a ɗaya gefen da ya rinjaye su, shi ne ƙashin ƙugu.

Tsoho in ya faɗi ya tare da hannu, tsintsiyar hannun ce ke karyewa, wannan kuwa ana ɗorawa ya warke. In ya faɗi ta gefe, wuyan ƙashin cinya ne ke tsinkewa, daidai inda ya shiga kwatangwalo. Wurin yana can cikin nama, babu inda za a kewaya shi da kara a ɗaure kamar sangali. Ga shi karayar kan yanke jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini, ƙashin da ba jini kuwa ba ya haɗuwa komai gwanintar hannun da ya taɓa shi. Wannan ba raini ba ne ga masu ɗori, yanayin ciwon ne haka. Maganinsa tiyata, a sa ƙarfe ko a sauya kan ƙashin, abin da ke nufin tafiya Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko ma asibitin ƙashi na Dala a Kano, da kuɗin da sai an taɓa rumbu ko an kai bijimi kasuwa. Gidan da ba su da hali sai su dawo da tsoho su kwantar. Daga nan gyambon kwanciya ya biyo baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ake yin tiyatar cikin kwana ɗaya ko biyu, kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu ba ya cika shekara. Mutumin da ya ƙi sanda don kada a ga gazawarsa, shi ne yanzu jikoki ke ciccibarsa zuwa makewayi.

Akwai wata ɓarnar da ba ta da kururuwa. Wanda ya taɓa faɗuwa, ko ya sha da ƙyar, tsoro kan shige shi. Ba zai faɗa ba, amma sai a ga ya daina zuwa kasuwar Jega, ya ce ba abin da zai saya. Jana'iza ya aika ɗa. Magariba da isha'i a ɗaki, ya ce sanyi. Wata shida a haka, cinyoyin sun zube, ƙafar da da take ɗan rawa yanzu ba ta ɗaukarsa. Masu cewa sanda na sangarta ƙafa ya kamata su dubi wannan. Abin da ke kashe ƙafa shi ne zama. Sandar da ke kai mutum masallaci sau biyar ta dawo da shi ta ba ƙafarsa aikin da tabarma ba za ta ba ta ba.

Wani kan ce ai Allah ne mai tsarewa. Haka ne, kuma addinin bai taɓa ɗaukar dogara ga sanda abin kunya ba. Alƙur'ani ya ambaci sandar Annabi Musa, kuma amfanin farko da ya faɗa mata shi ne jingina a kanta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shekaru suka ja, an kafa masa ginshiƙi a wurin sallarsa yana jingina. Duk wanda ya karanta Ahalari a zauren malam ya san jerin matakan sallar farilla: tsayuwa ba jingina, in ta gagara a tsaya a jingine, in ta gagara a zauna. Malaman fiƙihu sun tanadi matakin jingina tsakanin tsayuwa da zama. Mu ne muke tsallake shi, mutum ya yi ta dagewa a tsaye har sai ƙasa ta zaunar da shi.

Ga matsayarmu. Kada a jira faɗuwa, kada kuma a ƙirga shekaru. Akwai mai tamanin da ke tsallake kunyar gona ba gargada, akwai mai hamsin da biyar da suga ya kashe wa tafin ƙafa. Jiki magayi. A 2022 ƙwararru daga ƙasashe da dama sun fitar da jagora kan kare tsofaffi daga faɗuwa, suka ce a fara da tambaya uku: ka faɗi cikin shekarar da ta wuce? Kana jin tangaɗi in kana tsaye ko tafiya? Kana tsoron faɗuwa? A ƙasarmu tsoho ba zai amsa wa ɗan cikinsa waɗannan da gaskiya ba, saboda haka sai a sa ido. In an ga yana bin bango, yana dafa kafaɗar jika, ko ya daina zuwa inda ya saba zuwa ba tare da dalili ba, ya riga ya fara dogarawa, sai dai da abin da ba zai iya tafiya da shi ba. Wannan ne lokacin.

Mai son gwaji ga wani mai sauƙi da ake yi a asibitoci, ana iya yinsa a tsakar gida da agogon waya. A zaunar da mutum a kujera mai ƙwari, a ja layi nisan mita 3. Ya miƙe, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna, wani na kusa da shi don tsaro. In ya ci daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa.

Sai dai mun ɗaura wa wannan matsaya sharaɗi, kuma ba mu yarda a raba su ba: makon da aka ɗauki sanda, makon za a je asibiti. A auna jini yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe. A duba suga, a duba ido. A zuba dukkan magungunan da yake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da na kemis. Mai yiwuwa bayan wata biyu a jingine sandar a bayan ƙofa, ba a bukatarta. Akwai kuma halin da ba na sanda ba ne sam. In jiri ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ba a tsayawa neman tofi ko hayaƙi tukuna, mota za a nema a nufi babban asibiti, addu'a a yi ta a hanya.

Sandar kanta a auna ta kamar yadda tela ke auna riga. Mutum ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, ya saki hannuwa, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu, yadda in ya kama gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwasa. In ta yi tsawo a yanke. A sa mata roba a gindi. In babu ta kanti, mai yin takalmin taya zai yanka ya ɗaura, a riƙa dubawa in ta cinye. Abin da kusan kowa ke kuskurewa shi ne hannun riƙo. In ƙafar hagu ce mai ciwo, a hannun dama ake riƙewa, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi tare. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka sanda da mai ciwon. Wanda sanda ɗaya ba ta ishe shi ba, har sai ya zuba nauyinsa da hannu biyu, wannan sai likitan gashin ƙashi ya duba shi ya zaɓa masa abin da ya dace, a kuma gaya wa likitan gaskiyar gidan: yashi ne, akwai dokin ƙofa, masai na tsugunno ne.

Gidan ma yana da nasa gyaran, kuma ba mai tsada ba. Turke mai ƙwari a kafa kusa da masai da wurin alwala don kamawa a miƙe. Tocilar goshi ta saki hannu ɗaya. Silifan da ya sha ƙasa ya zama kamar sabulu a jefar.

Mun yi ta cewa "dattijo", amma iyayenmu mata sun fi shiga haɗarin. Bayan yankewar al'ada ƙashin mace kan yi saurin zama holoƙo, shi ya sa karayar ƙugu ta fi yawa a cikinsu. Su ne kuma a wurin santsi kullum, bakin murhu da wurin wanke-wanke, ga goyon jika a baya. Faɗuwarsu a cikin gida take, babu mai gani a hanyar masallaci balle ya yi magana. Namiji yana da kwagirin da zai fake da shi ya ce ado ne, Inna ba ta da wannan mafakar. Duk ɗan da ya ga mahaifiyarsa na dogara taɓarya ko muciya daga ɗaki zuwa madafa, kada ya tsaya sai ta roƙa.

Yadda ake faɗa ma rabin aikin ne. Maganar da ta fito daga bakin ɗa tana zuwa wa uba kamar sanarwar murabus. A bi ta hannun amininsa, ko liman, ko likita. A zaɓi sanda mai kyan gani wadda mutum zai so a gan shi da ita, a kawo ta a matsayin tsaraba. Mafi muhimmanci, gobe da safe a zo masa da maganar gonar nan a nemi shawararsa kamar jiya, don ya tabbata sandar ba ta zo karɓar komai daga hannunsa ba.

Hukuma ma da nata. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sandar dogarawa cikin jerin kayan tallafi 50 da ya kamata kowace ƙasa ta wadata mutanenta da su, kuma rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya nuna kusan mutum biliyan ɗaya a duniya ba su samun irin kayan da suke bukata. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ba mu neman abin da ya fi ƙarfin ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama. Jihar Kebbi na da mazaɓu 225, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya mai aiki. A koya wa ma'aikatan waɗannan cibiyoyi tambayoyin nan uku, da gwajin kujera, da auna sanda. Horon wuni ɗaya ne, ga kwalejin koyon aikin lafiya nan a Jega. Kwamitocin masallatan Juma'a su kafa ƙarfen kamawa a matakala da wurin alwala, aikin da mai walda zai gama kafin azahar.

Masu ɗorin Aliero kuwa muna roƙonsu abu biyu, don su ne ke ganin tsoho bayan faɗuwarsa ta farko, kuma ana jin maganarsu fiye da ta ɗa ko jika. Tsohon da aka kawo ya kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce ta juya waje, a tura shi hoto ranar nan, kada a kwana. Wanda kuma hannunsa aka ɗora, ranar kwance kara a tambaye shi me ya kayar da shi, a aika shi a auna masa jini, a tsayar da shi a gwada masa tsawon sanda kafin ya hau mota ya koma Andarai.